Tikiti a Cikin Waya: Wa Za a Bi, Ƙwararre ko Fasinja?

Tun daga 1911 da layin dogo ya iso Kano a zamanin Sarki Abbas, sayen tikiti a tashar da ke kusa da Fagge da Sabon Gari harka ce ta ido da ido. Mutum ya bi layi, ya isa taga, ya faɗi garin da za shi, ya miƙa kuɗi, akawu ya miƙo masa takarda. Wanda ya yi boko da wanda bai yi ba duk hanya ɗaya suke bi, domin baki ne ke aiki. Idan tsoho ya rikice, akawu ya sake tambayarsa. Idan mace ta zo da goyo da yara uku, a tsaya a lissafa wa za a biya wa, wa ba za a biya wa ba. Tagar tana da nata aibi, akwai jira, akwai turereniya, akwai sanayya, amma tana jin magana kuma tana mayar da amsa.

Wannan zamani yana gab da wucewa. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin da zai tashi daga Kano ya bi ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, a watan Yulin shekarar kuma aka ƙaddamar da aikin sabon layin Kano zuwa Kaduna. Layin da za su haɗu da shi, wato na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, tun watan Janairun 2021 ya fara sayar da tikiti ta intanet, bayan jaridu sun daɗe suna kawo labarin cuwa-cuwar tikiti a tashoshin Rigasa da Kubwa da Idu. Kamfanin SecureID aka ba wa aikin. Ke nan duk ranar da sabon jirgi ya fara ɗaukar fasinja daga Kano, abu mafi kusa shi ne manhaja ce za ta tsaya a gurbin akawun taga.

A nan ne wata muhawara da masu ƙera manhaja suka shafe shekaru suna yi ta iso ƙofar gidanmu. Wa ya kamata ya faɗi yadda manhaja za ta kasance don mutane su iya sarrafa ta: ƙwararrun da suka karanci fannin, ko jama'ar da za su riƙa danna ta kullum?

Me ake nufi da sauƙin amfani?

Kafin a raba gardama, sai an san abin da ake gardama a kai. Hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta fitar da ma'auni a 1998 mai lamba 9241-11, wanda ya tsayar da sauƙin amfani a kan abu uku: mutum ya cim ma abin da ya zo yi, ya cim ma shi ba tare da ɓata lokaci da ƙarfi ba, kuma ya tashi ransa bai ɓaci ba. Sai dai ma'aunin ya sa sharaɗi mai nauyi. Ba a auna waɗannan a sarari kawai. Ana auna su ne a kan wasu mutane ayyanannu, masu wata buƙata ayyananniya, a wani yanayi ayyananne.

Wannan sharaɗi shi ne zuciyar maganar. Babu manhajar da take da sauƙi ga kowa a ko'ina. Wadda ta yi wa ma'aikacin banki sauƙi a ofis mai sanyi da intanet mai gudu, ba lallai ta yi wa ɗan kasuwar Kantin Kwari ba, wanda ke tsaye cikin rana, allon wayarsa ya tsage, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, ga mai saye yana jiran canji. Kyawun launi da tsarin hotuna ba su ne ma'auni ba. Ma'auni shi ne: ya sami tikitin ko bai samu ba?

Hujjar masu cewa a bi ƙwararru

Masu wannan ra'ayi ba girman kai ne ya kai su ba. Fannin ilimi ne mai tarihi. A 1988 Don Norman, masanin halayyar tunanin ɗan Adam a Amurka, ya wallafa littafin da ya yi suna a kan tsara kayan amfanin yau da kullum, inda ya nuna cewa idan mutane da yawa suna kuskure iri ɗaya a kan na'ura ɗaya, to laifin yana wurin wanda ya tsara ta. A 1990 Jakob Nielsen da Rolf Molich, dukansu 'yan ƙasar Denmak, suka fito da hanyar da 'yan ƙwararru kaɗan za su zauna su tantance manhaja bisa wasu ƙa'idoji, waɗanda Nielsen ya tace su suka zama goma a 1994. Daga cikinsu akwai cewa manhaja ta riƙa sanar da mutum halin da ake ciki, ta yi masa magana da harshen da ya saba, ta bar masa ƙofar komawa baya, kuma ta tare kuskure tun kafin a yi shi.

A ɗora waɗannan a kan kukan da kowa ya sani a ƙasar nan: "An cire mini kuɗi, amma abin bai fito ba." Mutum ya danna biya, allo ya tsaya yana juyawa, bai san ko kuɗin ya tafi ba, sai ya sake dannawa, a cire sau biyu. Ba a buƙatar tara mutum dubu kafin a san wannan aibi ne. Ƙwararre ya san shi tun a takarda, ya kuma san maganinsa: a kulle madannin bayan dannawar farko, a rubuta wa mutum ƙarara cewa ana jiran amsar banki, a riƙe masa kujerarsa na ɗan lokaci, a aika masa saƙon tes ko da data ta yanke.

Akwai kuma abubuwan da fasinja ba zai taɓa roƙo ba, alhali su ne kariyarsa. Bayan harin da 'yan bindiga suka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, da aka dawo da zirga-zirga a watan Disambar shekarar, an wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN wajen sayen tikiti. Da ƙuri'a aka kaɗa a tsakanin masu sauri, da yawa za su ce a cire wannan mataki don yana ɓata lokaci. Haka batun adana bayanan mutane, wanda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai tattara su. Fasinja ba ya ganin inda sunansa da lambar wayarsa da ranar tafiyarsa suke kwana, amma a hanyar da aka taɓa sace matafiya, jerin sunayen masu tafiya gobe ba abin wasa ba ne. Haka nan haƙƙin makafi da masu raunin gani, wanda dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ƙarfafa: su 'yan tsiraru ne, muryar masu rinjaye ba za ta tuna da su ba.

Sannan a tuna, a cikin masu amfani da manhajar tikiti babu wanda ya kai ɗan cuwa-cuwa ƙwarewa. Shi ya fi kowa saurin hannu, shi ya fi kowa sanin lokacin da ake sakin kujeru. Ko bayan komawa intanet, fasinjoji sun ci gaba da kukan cewa tikiti na ƙarewa cikin ƙanƙanen lokaci, sannan ya ɓullo a hannun wasu da tsada. Duk sauƙin da aka ƙara ba tare da lissafi ba, shi ne zai fara cin moriyarsa. Toshe irin wannan kafa aikin wanda ya san cikin na'ura ne.

Inda sanin ƙwararre ya tsaya

Duk da haka, tarihin tashar Kano kansa gargaɗi ne ga duk mai ganin ya gama sanin abin da mutane za su yi da abin da ya gina. Lokacin da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗo dogo daga Baro, babban burin 'yan kasuwar Ingila shi ne auduga, don ciyar da masaƙun Lankasha. Sun yi lissafinsu, sun kawo iri, sun kafa injin gurza. Manoman ƙasar Kano kuwa suka yi nasu lissafin. Masaƙan gida sun fi Bature biyan auduga da daraja, ita kuwa gyaɗa ta fi kawo kuɗi, ga shi in farashi ya faɗi ana iya cin ta. Fataken goro da suka san hanyoyin ƙauyuka, irin su Alhassan Ɗantata, suka shiga saye. Tun daga kakar 1912 gyaɗa ta fara cika tasha har taragu suka kasa kwashewa, daga baya dalar gyaɗa ta zama alamar Kano. Injiniya ya iya shimfiɗa ƙarfe, amma manomi ne ya yanke abin da ƙarfen zai ɗauka.

Irin haka ta faru a Kenya a zamaninmu. M-Pesa, wadda kamfanin Safaricom ya ƙaddamar a watan Maris na 2007, an fara gwajinta ne a 2005 a matsayin hanyar biyan ƙananan basussuka. Masu gwajin suka lura mutane na amfani da ita wajen tura wa junansu kuɗi, abin da ba shi aka nufa ba. Maimakon su hana, sai suka sake gina ta a kan aika kuɗi gida. Da sun kafe a kan takardar farko, da yau ba a san sunanta ba.

A gida kuma muna da misalin da ya bi ta ɗaya hanyar. An ƙaddamar da eNaira, wato naira ta intanet, ranar 25 ga Oktoba, 2021, ƙwararru ne suka tsara ta, amma a farkonta sai mai babbar waya da asusun banki ne ke iya shiga, wato wanda dama yana da hanyoyin tura kuɗi. Sai a watan Agustan 2022, a nan Kano, aka ƙaddamar da lambar *997# don masu ƙaramar waya. Wani nazari na Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 2023 ya nuna kashi 98.5 cikin ɗari na asusun da aka buɗe ba a taɓa su a mako. Manhajar ta yi aiki, amma ba ta amsa tambayar da mai shago ke yi ba: me za ta yi mini wanda abin da ke hannuna bai yi ba?

Yanzu a dawo kan tikiti, a duba abubuwan da ba sa cikin ƙa'idoji goma na kowane littafi. Fom yana neman sunan iyali. Bahaushe da yawa ba shi da shi a yadda Bature ya san shi. Wani sunan mahaifinsa yake sawa, wani na garinsu, wani na unguwa, kuma abin da ya sa a makaranta ba lallai shi ya sa a banki ba. Suna ɗaya ana rubuta shi Muhammad a katin ɗan ƙasa, Mohammed a banki, Muhammadu a katin zaɓe. Dattawa da yawa ranar haihuwarsu ƙiyasi ce da wani ma'aikaci ya rubuta. Manhajar da aka gina a kan cewa harafi ya dace da harafi za ta kori mai gaskiya tana zaton ta kama maƙaryaci.

Haka batun iyaka. Don a karya 'yan cuwa-cuwa, hankali zai ce a taƙaita yawan tikitin da mutum ɗaya zai saya. To magidancin da zai tafi da iyalinsa mutum tara fa? 'Yan kai amarya fa? Malamin da zai raka ɗalibansa? Sannan sau da yawa mai danna wayar ba shi ne mai tafiyar ba. Ɗa ne ke saya wa mahaifiyarsa, ko yaron shago, ko mai POS na bakin titi, ko mai shagon intanet. Matan aure da yawa layin da ke hannunsu da sunan maigida aka yi masa rajista. Idan lambar tabbatarwa ta tafi wayar da ke Kano alhali mai tafiya yana Zariya, an bar shi a tsaye. Idan kuma layin Maraɗi ya buɗe, za a sami fasinjan da ba shi da NIN, kuɗinsa sefa ne, karatunsa da Faransanci ya yi, sunansa a takarda Issoufou ne ba Yusufu ba, kuma harshen da ya haɗa shi da ɗan Fagge shi ne Hausa. Magini ya san yadda ake ɗora rufi, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Su kansu ƙwararrun ba bakinsu ɗaya ba. A ƙarshen shekarun 1990 Rolf Molich ya ba tawaga tara ta masana aikin tantance manhajar imel ta Hotmail, kowacce ita kaɗai. Da aka haɗa rahotanninsu, mafi yawan matsalolin da aka lissafo tawaga ɗaya ce kawai ta gano kowacce. Wanda ya ce a bi ƙwararre, sai a tambaye shi: wanne daga ciki?

Amma wane fasinja ake ji?

Daga nan mutum zai iya cewa to a miƙa wa jama'a linzami. Wannan ma yana da ramukansa, kuma sun fi na farko ɓoyuwa, domin suna sanye da rigar adalci.

Rami na farko: wa ke magana? Wanda ke ba manhaja tauraro a Play Store, ko ya rubuta ƙorafi a Facebook da X, mutum ne mai babbar waya, mai data, mai iya rubutu, galibi da Turanci, galibi namiji kuma matashi. Kukansa gaskiya ne, amma kukan wanda ya riga ya shiga ne. Dattijuwar da ta gwada sau ɗaya ta kasa, ta ajiye wayar ta nufi tashar mota, ba ta bar sawu a ko'ina ba. Idan aka gyara manhaja bisa ƙorafin da ya iso ofis kawai, kullum za ta ƙara yi wa masu iyawa daɗi, tana ƙara nisa da marasa iyawa, masu ita kuma suna ganin sun saurari jama'a.

Rami na biyu ya shafe mu kai tsaye, wato kara da kunya. Ka miƙa wa dattijo waya, ka ce kai ka ƙera abin da ke ciki, ka tambaye shi yadda ya gani. Zai ce, "Madalla, Allah ya yi albarka, ai ya yi kyau," ko da bai gane komai ba, domin tarbiyya ba ta yarda ya kushe aikin baƙo a gabansa ba. In ya kasa, kansa zai ɗora wa laifi, ya ce, "Mu ai ba mu yi boko ba." Wannan ba a kanmu kaɗai yake ba. A 2012 Nicola Dell da abokan aikinta a cibiyar binciken Microsoft da ke Bangalore ta Indiya sun gwada direbobin keke mai ƙafa uku da ɗaliban jami'a, suka ga mutane sun fi zaɓen abin da suke zaton mai tambayar ne ya ƙera, kuma karkatar ta fi tsanani idan mai tambayar baƙo ne daga waje mai magana ta bakin tafinta. Takardar tambayoyi da aka cika da "ya yi kyau" ba hujja ba ce.

Rami na uku: mutane sun san ciwonsu, amma ba lallai su san magani ba, kuma sabo kan sa a ƙi sabon abu ko da ya fi. A watan Satumbar 2006 da Facebook ya kawo shafin da ke jero labaran abokai, dubban ɗaruruwan masu amfani suka yi bore. Kamfanin bai janye ba, sai dai ya gane cewa asalin damuwar sirri ce, ya ƙara hanyoyin ɓoye abin da mutum ba ya so a gani. Yau wannan shafi shi ne Facebook ɗin. An ji kukan, amma ba a bi umarnin ba.

Rami na huɗu: alƙaluma. Masu manhaja na iya ƙirga kowace dannawa, har su ɗauka sun ji ta bakin jama'a. Microsoft ya cire madannin farawa daga Windows 8 a 2012, yana kafa hujja da bayanan da ke nuna mutane sun rage amfani da shi. Jama'a suka ƙi, aka dawo da madannin a 2013, aka dawo da cikakken jerin da madannin ke buɗewa a Windows 10 a 2015. Alƙaluma suna faɗin abin da aka yi, ba sa faɗin dalili. Idan suka nuna cewa mutane da yawa na ficewa a shafin biya, ba za su gaya maka ko tsada ce, ko tsoron damfara, ko sabis ne ya ɗauke ba.

Gani ya kori ji

Abin da ya warware mafi yawan wannan gardama a aikace ba tambayar mutane ba ce, kallonsu ne. Nielsen ɗin nan da ya tsara ƙa'idojin ƙwararru, shi ne kuma ya fi kowa nacewa a kan a duba abin da mutane ke yi, ba abin da suke cewa ba. Bisa lissafin da suka yi da Thomas Landauer a 1993, ya yi bayani a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin manhaja, kuma gara a yi ƙananan gwaje-gwaje sau da yawa ana gyarawa a tsakani, da a yi babba sau ɗaya. Amma ya gindaya sharaɗi: biyar ɗin na rukuni ɗaya ne. Idan masu amfani iri-iri ne, kowane rukuni sai an nemo nasa.

Yadda ake yi ba shi da tsada. A zaunar da mutum, a ce, "Baba, ga waya, a saya mana tikiti biyu zuwa Zariya ranar Talata." Sai a yi shiru. Ba a nuna masa, ba a taimaka masa, ana kallon inda yatsansa ya tsaya, inda ya koma baya, inda ya ɗago kai yana neman agaji. A gaya masa tun farko cewa manhajar ake jarrabawa ba shi ba, kuma ba mai tambayar ne ya ƙera ta ba, don kara ta saki harshensa. A rukunin Kano kuwa dole a sami ɗan kasuwar Singa da na Kasuwar Sabon Gari, da Ibo da Bayarabe mazauna Sabon Gari waɗanda unguwarsu ta girma tare da dogon tun wajen 1913, da mai karatun allo wanda ajami ya fi masa boko sauƙi, da makaho mai amfani da manhajar karanta allo, da masu saya wa wasu. Mata kuma mata 'yan'uwansu ne za su shiga gida su gwada da su, domin wadda ba ta fitowa tasha sai ranar tafiya ba za a same ta a bakin titi ba. A yi gwajin da irin wayoyin da ke hannun mutane, Tecno da Itel da suka sha jiki, a inda sabis ke wahala.

Ko fassara zuwa Hausa sai ta bi ta wannan siraɗi. Mutane da yawa masu jin Hausa kan mayar da wayarsu Turanci saboda an cika ta da ƙirƙirarrun kalmomin da ba a faɗa a kasuwa. Masanin harshe ya tsara, amma kunnen mai saye ne zai tabbatar. Ganin yadda saƙon murya ya mamaye WhatsApp a tsakaninmu, ya kamata a gwada ko murya za ta fi rubutu isar da bayani.

Muna da shaidar cewa hukuma a ƙasar nan na iya yin haka. Da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, an ga ɗalibai da yawa, musamman na karkara, sun san amsa amma linzamin kwamfuta na ba su wahala. A 2017 hukumar ta kawo tsarin madannai takwas: A, B, C, D don amsa, sauran huɗu don gaba da baya da miƙawa da fasawa. Ɗalibai ba su ne suka zana wannan tsari ba, ƙwararru ne. Amma wahalar ɗalibai da aka gani da ido ce ta haife shi.

Rabon aiki, da wanda zai tilasta shi

Saboda haka amsar ba rabin wannan da rabin wancan ba ce. Aiki biyu ne daban, kowanne da mai shi. Fasinja shi ke da iko a kan tambayar "ina matsalar take, kuma an warware ta?" A nan shaidarsa ta fi digirin kowa, idan mutum huɗu cikin biyar suka kasa sayen tikiti, manhajar ta faɗi, ko da wane ne ya tsara ta. Ƙwararre kuma shi ke da alhakin "yaya za a gyara, ba tare da an buɗe wa ɓarawo ƙofa ko an danne marar murya ba?" Shi zai auna buƙatun da ke karo da juna, kamar iyakar tikiti da babban iyali, ya samo hanyar da za ta ɗaure kowace kujera da sunan mai zama a kanta maimakon hana magidanci saye. Ƙwararren da ba ya fita kallo yana hasashe ne kawai, jama'ar da ba ta da mai tace kukanta kuwa mai ƙarfin murya ne zai tafi da ita.

Saura tambaya ɗaya da ta fi shafar jirgin ƙasa. A kasuwa, mai amfani yana da sanda a hannu. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da manhajojin bankuna da dama suka riƙa sarƙewa, 'yan kasuwa ba su rubuta wa kowa takarda ba. Sun koma OPay da Moniepoint da PalmPay, inda kuɗi ke shiga nan take. Wannan ƙaura ita ce ra'ayin da babu kamfanin da zai yi biris da shi. Fasinjan jirgi ba shi da wannan sanda. Dogo ɗaya ne, hukuma ɗaya ce, manhaja ɗaya ce. In ta gagare shi, zaɓinsa ya biya ɗan cuwa-cuwa, ko ya hau titin da tsoronsa ne ya koro shi tasha. Inda babu gasa, babu abin da zai tilasta wa mai manhaja saurare sai an rubuta shi a cikin yarjejeniya.

Don haka ya dace Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya da Ma'aikatar Sufuri su sa sharaɗi a duk kwangilar tikiti ta layukan Kano: ba za a karɓi aiki ba sai an gwada shi da fasinjojin yankin, rukuni-rukuni, an kuma bayyana adadin waɗanda suka iya saye ba tare da taimako ba. A maimaita gwajin duk lokacin da aka yi babban sauyi. A samar da hanyar ƙaramar waya tun ranar farko, ba bayan shekara ba. A amince da masu saya wa wasu a matsayin wakilai masu rajista da ladan da aka ƙayyade, domin hana su ba zai kawar da su ba, sai dai ya tura su cikin duhu. A bar taga a buɗe da kason kujerunta, kuma akawun da ke zaune a wurin ya riƙa rubuta dalilin da ya kawo kowane mutum, domin duk wanda ya zo taga da waya a hannu yana ɗauke da labarin inda manhaja ta gaza. Masu yin aikin ba sai an ɗauko su daga nesa ba: Jami'ar Bayero na da masana kwamfuta da cibiyar nazarin harsunan Najeriya, ga cibiyar CITAD da ta daɗe tana aikin fasahar sadarwa a cikin al'umma, ga hukumar NITDA da ke da hurumin shimfiɗa ƙa'ida.

Gyaran manhaja tun tana zane ya fi araha nesa ba kusa ba a kan gyaranta bayan miliyoyin mutane sun dogara da ita, kuma Kano tana da abin da Kaduna da Abuja ba su samu ba, wato damar koyo daga abin da ya riga ya faru. Kuɗin jama'a da bashin da jama'a za su biya ne ke gina waɗannan layuka. Wanda zai biya bashin yana da haƙƙin ya iya shiga jirgin, kuma hanyar tabbatar da hakan ita ce a sa masa manhajar a hannu tun kafin a ƙaddamar da ita, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.